Tambaya da Amsa: Titin Mu'izz na Alƙahira, da Abin da Ɗalibi Zai Samu a Cikinsa

Wasiƙar farko a wannan fitowa ta zo ne daga wani dattijo, manomi kuma limamin unguwa a wani ƙauye na ƙasar Gumel, Jihar Jigawa. Ya roƙa a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da damuwa a kan yaron wajena, babban, wanda yau shekara biyu ke nan yana karatu a Azhar ta ƙasar Masar. Sai da na sayar da riɗin da na noma, na haɗa da bijimi guda, kafin kuɗin jirginsa su cika. Kwanakin baya ƙanensa ya miƙo mini waya ina zaune a zaure, ya nuna mini hotunan da ya turo. Ga shi nan tsaye da daddare a wani titi mai fitilu, bayansa dogayen gine-gine masu ƙubbobi da hasumiyoyi, jama'a maza da mata sun cika wurin har da Turawa, wasu kuma suna zaune a kan kujeru suna shan shayi. Ya ce sunan wurin Shari'ul Mu'izz, wai har kuɗi ake biya kafin a shiga wasu ɗakunan. Wani maƙwabcina da ya ga hoton ya ce mini wurin na 'yan Shi'a ne, kuma cike yake da kaburbura. Mene ne wannan titi, wa ya gina shi, kuma me ɗalibin ilimi zai je nema a can? In yawon banza ne, ina so in sani domin in tsawata masa tun da wuri.

AMSA: Wa'alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, kada a yi gaggawar tsawatarwa, domin inda yaron ya tsaya ya ɗauki hoto yana daga cikin wurare kaɗan a duniya da ɗalibin fiƙihu zai je da ƙafarsa ya ga ɗakunan da aka zauna aka karantar da irin littattafan da ke jibge a zaurenka. Damuwarka dai ba ta rasa dalili ba, zan kuma dawo kanta bayan na ba ka labarin titin.

Titin Mu'izz shi ne babbar hanyar da ta ratsa tsohon birnin Alƙahira, daga ƙofar arewa da ake kira Babul Futuh zuwa ƙofar kudu, Babu Zuwaila. Tsawonsa kimanin kilomita ɗaya ne, wato bai kai tafiyar da da yawa daga cikinmu ke yi daga gida zuwa gona ba. Sa'an birnin ne, rana ɗaya aka shata su. A shekarar 969 Miladiyya, daidai da 358 Hijira, wani sarkin yaƙi mai suna Jauhar ya ci ƙasar Masar a madadin ubangidansa Al-Mu'izz li Dinillah, halifan daular Faɗimiyya, wanda a lokacin yake zaune a ƙasar da ake kira Tunisiya a yau. Jauhar ya shata sabon birni arewa da tsohon garin Fusɗaɗ, ya kewaye shi da ganuwa, ya fitar da hanya ɗaya mai faɗi ta bi ta tsakiyarsa, shi kuwa halifan bai iso ba sai a 973. Magabata ba su san titin da sunan Mu'izz ba, wannan suna a ƙarni na 20 aka laƙaba masa. Ƙasaba suke kiransa, kuma kowane yanki nasa yana amsa sunan sana'ar da ake yi a wurin, kamar yadda a kasuwanninmu ake cewa 'yan goro ko 'yan tabarmi: akwai Nahhasin na maƙeran tagulla, akwai Saga na maƙeran zinariya, idan kuma aka fita ta ƙofar kudu sai a faɗa Khayamiyya, layin maɗinkan rumfuna.

Maƙwabcinka rabin gaskiya ya faɗa. Faɗimiyyawa 'yan Shi'a ne, reshen Isma'iliyya, su suka kafa birnin, su ne kuma suka gina masallacin Azhar tsakanin 970 da 972, masallacin da jami'ar yaronka ta samo asali da suna daga gare shi. Da asalin magini ne ke hana a shiga wuri, da Azhar ce farkon wadda za a ƙaurace wa. Mulkinsu ya ƙare a 1171 a hannun Salahuddin Al-Ayyubi, kuma ko a zamanin da suke kan karaga yawancin talakawan Masar Ahlus Sunna ne. Abin da ya rage nasu a titin bai da yawa: ƙofofin dutse da waziri Badarul Jamali ya gina, Babul Futuh a 1087 da Babu Zuwaila a 1092, sai masallacin Al-Hakim da aka kammala a 1013, da wani ɗan ƙaramin masallaci mai kyawun fuska, Al-Aƙmar, na shekarar 1125. Manyan fadojinsu guda biyu, ta gabas da ta yamma, sun daɗe da shafewa, sai dai suna ya tsira, domin har yau tsakiyar titin Bainal Ƙasraini ake ce mata, wato tsakanin fadoji biyu. Masanin tarihin nan Al-Maƙrizi, wanda aka haifa a wata unguwa da ke jikin titin a 1364, ya ce filin da ke tsakanin fadojin yana ɗaukar mayaƙa 10,000.

Idan a nan tsakiya aka ɗauki hoton, kuma a nan kusan kowa ke ɗauka, to abin da ka gani a bayan yaron sarakunan Ahlus Sunna ne suka gina shi a kan kufan waɗancan fadoji. Na farko Ayyubawa, zuriyar gidan Salahuddin, sannan Mamlukawa, waɗanda suka riƙe Masar daga 1250 zuwa 1517, daga baya kuma suka haɗa da Sham. Mamlukawa bayi ne da ake sayowa suna yara daga ƙasashen Turkawa da yankin tsaunukan Kaukasus, a musuluntar da su, a koya musu hawa da yaƙi, a 'yanta su, har aka wayi gari su ne sarakuna. Wanda ya san fadar Kano zai tuna Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama da irin ƙarfin da bayin sarki kan yi, sai dai na Masar ba su tsaya a bakin karaga ba, hawa suka yi. Mutumin da ba a san ubansa a ƙasar ba, ba shi kuma da tabbacin ɗansa zai gaje shi, dole ya nemi abin da zai riƙe masa suna. Titin kuwa shi ne hanyar hawa. Ta nan sabon sarki ke ratsa gari da dawakinsa ya fita ta Babu Zuwaila ya nufi fadarsa da ke kan tudu, ta nan ake zagayawa da rigar Ka'aba kafin ayarin alhazai ya tashi, saboda haka kowane sarki yake son a ga sunansa rubuce a jikin bango a daidai inda kowa zai wuce. Ban ce duk don Allah suka yi ba, Malam, ban kuma ce duk don riya ba. Zukata Allah ya san su.

Gini na farko da nake so yaron ya nema shi ne makarantar Salihiyya, wadda Sarki Salih Najmuddin Ayyub ya gina wajen 1243. Yau fuskarta da hasumiyarta da wani sashe na cikinta ne kawai suka rage, rumfunan 'yan kasuwa kuma sun kusa rufe ta, mai sauri zai wuce bai lura ba. Ita ce makaranta ta farko a Alƙahira da aka haɗa mazhabobi huɗu a cikinta, Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya da Hanbaliyya, kowace da wurin zamanta. Daga baya ta zama mazaunin manyan alƙalai, kuma a nan masanin tarihin nan Ibn Khaldun ya zauna yana yanke hukunci lokacin da aka naɗa shi babban alƙalin Malikiyya a 1384. Ɗan limamin da aka yaye da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya je ya tsaya a inda aka yi shari'a da mazhabar gidansu shekara ɗari shida da suka wuce, ban ga yadda za a kira wannan yawon banza ba.

Daura da ita akwai ginin da ya fi kowanne shahara, na Sarki Ƙalawun, wanda aka yi a 1284 zuwa 1285 cikin kusan wata goma sha uku. Abu uku ne a haɗe: makaranta, da hubbaren sarkin, da asibiti. Marubuta tarihi sun kawo cewa tun yana hafsan soja ya taɓa kwanciya rashin lafiya a Sham, aka yi masa magani da magungunan asibitin Nuruddin na Dimashƙa, sai ya yi alwashin in Allah ya ba shi mulki zai gina irinsa a Masar. Asibitin yana da ɓangaren maza da na mata, da sashen masu zazzaɓi, da na ciwon ido, da na masu raunuka, da na masu taɓin hankali, da ɗakin haɗa magunguna, ruwa kuma yana gudana ta magudanu a cikin ginin. Takardar waƙafinsa ta ce a yi wa kowa magani kyauta, baƙo da ɗan gari, mai kuɗi da talaka. Abin da ya fi taɓa ni a cikinta shi ne ƙananan abubuwan da ba a manta da su ba: an yanka kuɗin mafici na kaba domin majinyata su yi fifita lokacin zafi, da marufi na kaba, tamkar faifanmu, domin rufe musu abinci, da likkafani ga wanda ya cika ba shi da mai yi masa sutura. Har yau akwai asibitin ido a wani sashe na filin. Amma labarin yana da ɗaya fuskar da bai kamata a ɓoye ba. Hafsan da aka ɗora wa aikin ya yi amfani da fursunonin yaƙi, ya kuma riƙa tare masu wucewa a titi yana tilasta musu ɗaukar duwatsu, har wasu malaman zamanin suka yi tababa a kan halaccin salla a wurin. Ɗalibin da ya san wannan, ya kuma ga marmara da tagogin gilashi masu launi da ke cikin hubbaren, ya sami mas'alar da zai yi kwanaki yana juyawa.

Jikin wannan gini akwai makarantar ɗansa, Nasir Muhammad, wadda aka kammala a farkon ƙarni na 14, da wata ƙofa ta marmara da ba ta yi kama da sauran ba, domin daga wata majami'a aka ciro ta a garin Akka bayan Mamlukawa sun ƙwace shi daga hannun mayaƙan Salibiyya, wato Kiristocin Turai, a 1291. Daga ita sai makarantar Sarki Barƙuƙ ta 1384 zuwa 1386. Waɗannan uku a jere su ne ƙubbobi da hasumiyoyin da ke fitowa a yawancin hotuna.

Tambayar da ta fi dacewa a yi, a ganina, ita ce yadda aka yi waɗannan makarantu da asibitin suka ci gaba da aiki ɗaruruwan shekaru bayan masu su sun mutu, daulolinsu sun rushe. Amsar ita ce waƙafi, abin da littattafanmu na Malikiyya ke kira hubusi. Sarki ba ya gina makaranta ya tafi ya bar ta da addu'a. Yakan haɗa ta da gonaki a karkara, da rumfunan kasuwa, da gidajen wanka, da masaukan fatake, ya rubuta takarda a gaban alƙali da shaidu cewa ba za a sayar da su ba, ba za a gaje su ba, kuɗin hayarsu kuma ga yadda za a raba: kaza ga malamin fiƙihu, kaza ga ladan, kaza ga kowane ɗalibi, kaza na man fitila da tabarmi, kaza na gyaran rufi. Wannan ne ya sa ba a raba kasuwa da makaranta a titin ba, rumfar da ke gindin bango ita ke ciyar da malamin da ke karantarwa a bayan bangon. Al-Maƙrizi ya ce an taɓa ƙirga rumfuna 12,000 a kan Ƙasaba. Sarakunan su ma suna da tasu riba a ciki, domin dukiyar da aka yi waƙafinta sarkin da ya biyo baya ba ya iya ƙwace ta cikin sauƙi, sai mai ita ya sa 'ya'yansa su zama masu kula da ita, a yanka musu rabo daga rarar da ta saura. Duk da haka ɗalibi ya ci, majinyaci ya sha magani. Mu da muke tara kuɗi mu gina Islamiyya da bulo da kwano, shekara uku ba ta cika ba malamai sun watse saboda babu albashi, wannan ne ɓangaren da ya kamata mu fi zuba wa ido.

Akwai wani ɗan gini da na fi daɗewa a gabansa ranar da na bi titin. Yana tsaye a daidai inda hanya ta rabu biyu, wani babban hafsa mai suna Abdurrahman Katkhuda ya gina shi a 1744, zamanin da Masar ke ƙarƙashin daular Usmaniyya. Ƙasansa ɗaki ne mai manyan tagogi uku da aka rufe da saƙar ƙarfe, samansa kuma rumfa ce buɗaɗɗiya mai shan iska. Ɗakin ƙasa shi ake kira sabil. A ƙarƙashin irin waɗannan ɗakuna akwai babbar ma'ajiyar ruwa, wadda ake cikawa da ruwan kogin Nil da raƙuma ke kawowa a salkuna, ma'aikaci kuma yana ciki yana zuba ruwa a kwatarnin da ke bakin taga, mai ƙishi ya zura hannu ya ɗiba ya sha ya wuce. Rumfar sama ita ce kuttab, makarantar allo, galibi ta marayu. Randar da iyayenmu ke ajiyewa a ƙofar gida da moɗa a kai, da tsangayar da ke gefen masallaci, su ne aka ɗora ɗaya a kan ɗaya aka gina da dutse, aka yanka musu abin da zai riƙe su. A bangon ciki, cikin fale-falen tangaran masu launin shuɗi, akwai zanen Ka'aba da haraminta.

Mutanenmu ba baƙi ba ne a wannan unguwa. Kafin jirgin sama, Alƙahira tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin hajjin mutanen Yamma. Al-Maƙrizi ya ambaci makarantar Malikiyya da mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina a Fusɗaɗ a tsakiyar ƙarni na 13, ita kuwa Azhar tana da ruwaƙi, wato sashen kwana da karatu, na ɗaliban Barno. Mansa Musa na Mali ya sauka birnin a 1324, zamanin Nasir Muhammad ɗin nan, mutanensa suka kashe zinariya a kasuwanni har darajarta ta faɗi. Imam Suyuɗi, ɗaya daga cikin marubuta biyu na tafsirin Jalalaini da ba a rasa shi a hannun malamanmu duk watan azumi, mutumin Alƙahira ne, ya rasu a 1505, ya kuma taɓa rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Shehu Khalil mai Muhtasar shi ma a birnin ya rayu ya karantar. Kasuwar Khanul Khalili da ke manne da titin ta gabas ta samo asali ne daga masaukin fatake da wani hafsa ya gina a shekarun 1380, kuma tsarin irin waɗannan masaukai, kaya a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, mai gida yana tsakanin baƙo da mai saye, duk wanda ya san aikin fatoma zai gane shi nan take. A wata unguwa da ke yamma da titin aka daɗe ana ɗinka rigar Ka'aba, Masar kuwa ba ta daina aika ta ba sai a farkon shekarun 1960.

Kudancin titin zan taƙaita shi. Akwai gine-ginen Sarki Al-Guri na 1503 zuwa 1505, masallaci da makaranta a hannu ɗaya, hubbare a ɗaya hannun, hubbaren da ya gina wa kansa amma bai kwanta a ciki ba, domin ya mutu a fagen yaƙi da Turkawa a Marju Dabiƙ ta ƙasar Sham a 1516, ba a kuma ga gawarsa ba. A ƙarshe akwai masallacin Sarki Mu'ayyad, wanda aka fara a 1415 a kan filin kurkukun da aka taɓa tsare shi, hasumiyoyinsa biyu suna zaune a kan Babu Zuwaila. A bakin wannan ƙofa Sarkin Turkawa Salim ya sa aka rataye Tumanbai, sarkin Mamlukawa na ƙarshe, a 1517.

Batun kuɗin shiga kuwa, asalinsa shi ne tsarin waƙafin ya karye. Tun farkon ƙarni na 19 hukuma ta fara karɓe gonakin waƙafi, manyan gari suka koma sababbin unguwanni, gine-ginen suka rasa mai ciyar da su. A 1881 aka kafa kwamitin kula da su, a 1979 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa da gishirinsa sun ci gaba da cin tushen bangaye, girgizar ƙasa ta watan Oktoba 1992 kuma ta ƙara tsattsaga su. Bayan haka ne gwamnatin Masar ta yi babban gyara, aka canza magudanu, aka rage tudun da ƙasa ta tara a kan hanya, aka shimfiɗa duwatsu, aka sa fitilun da ka gani, a 2008 kuma aka taƙaita shigar motoci. Bin titin kyauta ne, masallatan da ake salla a cikinsu ma haka, sai gine-ginen da suka zama gidajen tarihi ne ake yankar tikiti, kamar gidan Suhaimi na 1648, wanda ke nuna yadda mai hali yake zama a da, wurin baƙi daban, cikin gida daban, kamar zaure da turaka. Ɗalibi mai katin makaranta yakan sami rangwame. Ni dai ina ganin gyaran ya ceci duwatsu amma ya rage wa titin wani abu, domin rumfuna da yawa sun koma sayar da tsaraba ga baƙi, ko da yake a Nahhasin har yanzu ana jin ƙarar guduma a kan tagulla. Tafiya kaɗan yamma da Babu Zuwaila, a Babul Khalƙ, akwai Gidan Adana Kayan Fasahar Musulunci, wanda aka fara tara kayansa a harabar masallacin Al-Hakim kafin a mayar da su gininsu na yanzu a 1903, da tsohon ginin Darul Kutub, ɗakin karatun ƙasa da aka kafa a 1870. Mai son ganin tsofaffin Alƙur'anai na rubutun hannu can zai nufa.

Kaburbura akwai su, maƙwabcinka bai yi ƙarya ba a nan. Sarakuna da dama an binne su a ƙarƙashin ƙubba a jikin makarantun da suka gina. Hukuncin gini a kan kabari da salla kusa da shi magana ce ta malamai, sun kuma yi ta mai tsawo, wannan fili ba na fatawa ba ne, kai ma ka fi ni sanin babin. Abin da zan iya shaida shi ne shiga hubbare ba dole ba ne ga mai bin titin, kuma a yawancin gine-ginen ɗakin kabari daban yake da wurin salla.

Inda damuwarka ta yi daidai shi ne dare. Bayan magariba titin dandali ne, akwai masu shayi da shisha, akwai makaɗa, akwai samari da 'yan mata masu ɗaukar hoto, a wasu tsofaffin gine-gine ma hukuma na shirya wasannin gargajiya. Yaron da ya mayar da wannan wurin hirarsa ta kullum zai ci kuɗin riɗi ya bar darasi. Shawarata ita ce kada ka hana shi, ka ba shi aiki. Ka ce ya je da hantsi ranar da ba shi da lacca, ya fara daga Babul Futuh ya ƙare a Babu Zuwaila, ya karanta rubutun da ke jikin bangon Ƙalawun da bakinsa ya ɗauko maka muryarsa a waya, ya nemo inda Salihiyya take, ya kuma tambayi malamansa yadda ake rubuta takardar waƙafi da sharuɗɗanta, ya kawo maka bayani a rubuce. Daga amsar da zai turo za ka gane ko karatu yake yi.

Wasiƙa ta biyu ta daɗe a hannuna, na ajiye ta ne har ta sami abokiyar tafiya. Daga wata malamar tarihi take, a wata sakandaren 'yan mata da ke ƙasar Rano, Jihar Kano.

TAMBAYA: Malam, muna karanta labarin manyan titunan biranen duniya da gidajen tarihi ke jere a kansu. Shin birnin Kano yana da irin wannan titi? Ina so in kai ɗalibaina ziyarar wuni ɗaya, ban san ta inda zan fara ba.

AMSA: Malama, titi ɗaya miƙaƙƙe irin na Alƙahira babu shi a Kano, domin ba sarkin yaƙi ne ya shata ta rana ɗaya ba, unguwa-unguwa ta tsiro a kewayen Dala, hanyoyinta kuma daga ƙofofin ganuwa suke tasowa su haɗu a kasuwa da fada. Bambanci na biyu shi ne kayan gini. Alƙahira tana da dutse a tsaunin da ke bayanta, mu kuwa da tubali da azara da makuba muka yi namu, ginin ƙasa kuma in aka yi damina biyu ba a yaɓe shi ba ya fara tafiya. Shi ya sa abin da ya tsira a Kano galibi wanda ba a daina zama ko aiki a cikinsa ba ne.

Duk da haka akwai hanyar da za ki bi wadda za ta ba yara kusan abin da ake nema. Ku fara da marinar Ƙofar Mata da sassafe, lokacin da marina ke bakin aiki, ki bar yaran su tambaye su yadda ake haɗa baba da toka da katsi, da kwanakin da rijiya ke yi kafin ta nuna, su kuma leƙa wurin 'yan bugu. Daga nan hanya ta miƙe zuwa babban masallacin Juma'a da Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa, kuma har yau sarakuna ke zaune a cikinta. Ki tsayar da su a filin Ƙofar Kudu, inda ake jafi ranar hawa, ki gaya musu cewa aikin da Bainal Ƙasraini ta yi wa sarakunan Masar shi wannan fili yake yi mana. Gidan Makama yana nan kusa, shi ne gidan tarihi na sosai, a nan ya kamata ku fi daɗewa, su ɗaga kai su ga daurin guga da bakan gizo, su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna. Idan kina son ki nuna musu takwarar Salihiyya, sai ki ambaci Makarantar Nazarin Larabci, wadda aka buɗe a 1934 domin horar da alƙalai, aka kuma ɗauko malamanta na farko daga Sudan. Kasuwar Kurmi, wadda ita ma ake jingina kafuwarta ga Rumfa, ta zo bayan azahar.

Ki aika wa Gidan Makama takarda tun kafin ranar domin a tanadar muku mai bayani. Hawan Dala a bar shi sai rana ta yi sanyi, kuma ki ƙirga yaran kafin ku shiga Kurmi, ki sake ƙirga su bayan kun fito.